Abin da Za Ka Yi Idan Ka Faɗi da Babur a Filin Tsere, da Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Kayar da Kai

Akwai ranakun da masu filayen tsere suke buɗe ƙofa ga mahayan babur waɗanda ba 'yan gasa ba, domin kowa ya zo ya gwada hannunsa a kan kwaltar da babu mota mai tahowa daga gaba, babu mai tsallaka hanya, babu rami. Ana raba mahaya rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewarsu, galibi gida uku, kowane rukuni ya shiga na kimanin minti 20 sannan ya fito ya ba wani wuri. Duk da kyan wannan tsari, wanda ya daɗe yana halartar irin wannan rana ya san cewa faɗuwa tana cikin lissafi, domin mutum ya zo ne ya matsa kusa da iyakar abin da tayarsa za ta iya ɗauka, kuma mai neman iyaka wata rana zai ƙetare ta. Zan bayyana abin da ya kamata ka yi tun daga daƙiƙar da babur ya kuɓuce maka har zuwa ranar da za ka sake hawa, amma inda zan fi daɗewa shi ne gano musabbabin faɗuwar, saboda a nan ne na ga mutane suka fi yin asara.

Faɗuwa a kwana iri biyu ce. Ta farko ita ce zamewa: babur yana kwance a cikin kwana, sai taya, galibi ta gaba, ta saki kwalta, babur ya ƙarasa kwanciya ta ɓangaren da dama ya karkata, kai kuma ka bi shi kana jan ƙasa. A lokacin babu tazara mai yawa tsakaninka da ƙasa, shi ya sa da yawa suke tashi daga irin wannan da ƙujewa kawai. Ta biyu ita ce wurgi, kuma ita ce abar tsoro. Tayar baya ce take zamewa gefe, yawanci saboda an murɗa totur fiye da kima wajen fita daga kwana, sai mahayi ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, taya ta sake cafke kwalta farat ɗaya alhali babur yana a karkace, ƙarfin ya miƙar da babur da tsiya ya cilla mutum sama ta ɗaya ɓangaren. Daga nan ne karayar kafaɗa da ta wuyan hannu da ta idon sawu suka fi fitowa.

Da zarar ka tabbata babur ya tafi, ka sake shi. Hannu zai so ya ci gaba da riƙe kan babur, amma wannan ƙarfe ne da nauyinsa kan kai kilo 180 zuwa 200, kuma idan ya fara tuntsurawa ba ka son ya same ka a jikinsa. Kada ka miƙa hannu ka tokare ƙasa don tsayar da kanka, domin wuyan hannu ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba. Ka bar rigar fata ta yi aikin da aka saye ta dominsa: idan da hali ka juya ka kwanta a bayanka, inda garkuwar baya take, ka saki jiki, idan kuma ka fara mirginawa ka tattaro hannuwanka zuwa ƙirji. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne gaggawar miƙewa. Wanda ya faɗi yana gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka idan gudun ya ragu sosai sai ya ji kamar ya tsaya cak alhali har yanzu yana tafiya, ya kafa ƙafa, ƙasa ta fizge shi ya yi ta juyawa, ya samu raunin da faɗuwar kanta ba ta ji masa ba. Idan ka ji ka tsaya, ka ƙirga zuwa uku tukuna kafin ka motsa.

Abu na farko da za ka duba bayan ka tsaya shi ne ɓangaren da babura suke tahowa. Ka bar babur ɗinka inda yake, ka nufi bayan shinge ta hanya mafi kusa, kuma kada ka tsallaka kwalta ko da mene ne dalili. Abin da ya kayar da kai, ko mai ne da ya zuba ko sanyin kwalta, yana iya kayar da na bayanka a daidai wurin, kuma babur ɗinsa zai biyo hanyar da naka ya bi. Hula da safar hannu su zauna a jikinka har sai ka kai inda babu haɗari. Idan lafiya kake ka ɗaga wa masu tuta, wato ma'aikatan filin da ke tsaye a gefen hanya, hannu su gani. Idan kuwa ka ji wuya ko baya yana ciwo, ko wata gaɓa ta ƙi motsi, ka kwanta yadda kake. Za su kaɗa tutar ruwan ɗorawa don a rage gudu a daina wuce juna, ko jar tuta don a dakatar da zagayen baki ɗaya, sannan masu agaji su zo. Haka nan idan abokinka ne ya faɗi a gabanka, kada ka tsaya a kan kwalta da sunan taimako, ka ƙarasa zagayenka a hankali ka fita, domin tsayawarka ƙarin haɗari ce a gare shi da masu zuwa ɗaukarsa.

Ka je wurin likitan fili ko da ba ka jin komai. Jiki yana sakin sinadarin adiranalin a lokacin firgita, wanda yake danne zafi na ɗan lokaci, har mutum ya yi ta yawo da tsagaggen ƙashi bai sani ba. Idan kanka ya bugu, hawa ya ƙare a wannan ranar, babu ja-in-ja. Alamomin girgizar ƙwaƙwalwa, irin su ciwon kai da jiri da tashin zuciya da maimaita tambaya ɗaya, suna iya jinkirta bayyana har zuwa wasu awanni, saboda haka wani ne zai tuƙa ka zuwa gida, kuma a sa maka ido a wannan daren. Hular kwanon da ta bugi ƙasa da kanka a ciki ta gama aiki, ko da bayanta yana ƙyalli, domin taurarren kumfan da ke cikinta sau ɗaya yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugu, ba ya kuma komawa yadda yake. Wajen sayen wata ka nemi mai shaidar gwaji, kamar ECE 22.06 ta Turai. Ina kuma ba da shawarar rigar da ke hura iska da kanta idan an faɗi, irin wadda MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, ta wajabta wa mahayanta tun 2018.

Yanzu sai binciken musabbabi. Ni na faɗi ne a wata kwana ta hagu, a zagaye na biyu bayan hutun tsakar rana. Abin da nake tunawa shi ne kan babur ya yi sakwaf a hannuna, sai ƙarar ƙarfe yana kartar kwalta, sai na gan ni zaune cikin tsakuwa, ta cika mini safar hannu, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Kafin in kai wurin ajiye babura na riga na yanke hukunci cewa taya ce ba ta yi zafi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda yawancin kwanonin filin na dama ne, gefen hagu na taya yana jimawa bai ɗumama ba. Wani mai koyarwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in nuna masa hoton da kyamarar babur ta ɗauka, amma in fara daga kwana biyu kafin inda na faɗi. A nan na ga wani mahayi ya wuce ni, na ga na bi shi, na ga na wuce alamar da na saba kama birki a kanta da 'yan mitoci. Na shiga kwanar da gudun da ya fi na kullum, na ga bakin kwalta yana matsowa, sai na ƙara kwantar da babur alhali yatsuna biyu suna nan matse da birkin gaba. Sanyin taya ya taimaka, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya tsaga bangon shi ne ni, tun daƙiƙa shida ko bakwai kafin babur ya taɓa ƙasa.

Dalilin da ya sa haka take faruwa mai sauƙin fahimta ne. Wurin da tayar babur take taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da wannan ɗan wuri yake bayarwa ƙayyadadde ne, wanda birki da karkata da totur suke rabawa a tsakaninsu. Idan babur yana miƙe, birki yana iya cinye riƙon duka. Idan ya fara kwanciya, karkata tana karɓar rabonta, don haka dole birki ya riƙa sassautawa daidai gwargwadon yadda babur yake ƙara kwanciya. Wanda ya ƙara su biyun a lokaci guda ya nemi abin da taya ba ta da shi. Haka lissafin yake a tayar baya wajen fita: ana ƙara totur ne yayin da babur yake miƙewa, a hankali, ba tare da fizga ba.

Don ka yi irin wannan bincike da kanka, ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka tuna cikin awa guda, kafin ka ba mutane labari, domin duk lokacin da mutum ya maimaita labarin faɗuwarsa yana ɗan gyara shi ba tare da ya sani ba, har ya wayi gari laifin ya koma kan kwalta. Ka rubuta zagaye na nawa ne, da ƙarfe nawa, da giyar da kake ciki, da inda ka kama birki idan aka kwatanta da inda ka saba. Ka tambayi kanka abin da hannun dama yake yi a daƙiƙar ƙarshe, matsa birki ne ko murɗa totur ko sakinsa. Tambayar da ta fi kowace wuyar amsawa da gaskiya ita ce inda idonka yake, domin babur yana bin ido, kuma wanda ya tsorata yakan ƙura wa tsakuwa ido maimakon mafitar kwana, ya tafi daidai inda yake kallo. Ka kuma duba halin jikinka, tunda faɗuwa a zagayen ƙarshe na yini sau da yawa gajiya ce da ƙishirwa, lokacin da cinyoyi suka daina riƙe tanki nauyi ya koma kan hannuwa. Bayan haka ka auna iskar taya, ka duba shekarunta a lambobi huɗun da ke gefenta, waɗanda biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka tambayi mai tutar da ke kwanar da mahayin da ke bayanka abin da suka gani, domin sun kalle ka daga inda ba za ka iya kallon kanka ba.

A ganina, mafi munin sakamako shi ne mutum ya tafi gida yana cewa bai san abin da ya faru ba, gaba ce kawai ta tafi. Wanda bai san dalilin faɗuwarsa ba zai koma yana tsoron kowace kwana, ya riƙe kan babur da ƙarfi, kuma taurin hannu yana hana tayar gaba bin kwalta yadda ya kamata, wato tsoron da kansa ya zama musabbabin faɗuwa ta biyu. Idan har da gaske mai ne ko ruwa a kan kwalta, ka karɓi hakan, amma sai bayan ka wanke kanka daga sauran tambayoyin.

Shi ma babur yana buƙatar dubawa kafin ya sake taka kwalta. Ka tabbata totur yana komawa da kansa idan an sake shi, hannun birki bai lanƙwashe ba kuma yana da tauri, kan babur da ƙafafun gaba suna kan layi ɗaya da taya, wili bai lotsa ba. Ka duba ko baƙin mai ko ruwan lagireto yana ɗiga, domin ɗigo kaɗan ya isa ya kayar da wani. Ka cire murfin ƙasa ka zazzage tsakuwa, ka duba tsakanin sarƙa da haƙoranta. Idan babur ya tuntsura, kada ka yarda da ganin ido, ka kai wa makanike ya auna ƙashin bayansa, wato firam ɗin ƙarfen da ke riƙe da inji da tayoyi. Ka sani kuma cewa inshorar hanya galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere.

Game da lokacin komawa, jiki ne yake da magana ta ƙarshe. Marc Márquez, ɗan tseren MotoGP wanda a lokacin yake da kambun duniya takwas, ya yi faɗuwar wurgi a Jerez ta ƙasar Sifaniya a watan Yulin 2020, ya karye a dantsen dama. An yi masa tiyata, cikin 'yan kwanaki ya sake hawa don gwaji, ya kasa, daga baya ƙarfen da aka sa masa ya karye, ya rasa sauran kakar baki ɗaya, kuma sai da aka yi wa dantsen tiyata huɗu zuwa 2022. Wannan mutum ne da ƙwararrun likitoci suke kewaye da shi, balle wanda zai tashi ya tafi aiki washegari.

Idan ka warke, kada kuma ka bari watanni su yi ta wucewa, domin tsoro yana ƙara kauri da zama. Ka koma rukunin da ke ƙasa da naka idan da buƙata, ka ajiye agogon auna zagaye, ka roƙi mai koyarwa ya shiga gabanka ka bi layinsa. Ka ba taya zagaye biyu cikakku ta ɗumama ta kowane gefe kafin ka fara kwantar da babur sosai. Ka zaɓi abu guda daga binciken da ka yi, shi kaɗai za ka gyara a wannan ranar. Nawa shi ne sakin birki kafin ƙara karkata, don haka na dawo da alamar birkina baya da nisa, na riƙa shiga kwanar hagun nan da gudun da ya yi mini kaɗan, idona a kan mafita tun kafin in juya. Sai da na wuce ta sau da yawa kafaɗuna a sake, numfashina bai tsaya ba, sannan na fara matsar da alamar gaba, mita ɗaya ko biyu a kowane shiga.