Kurakuran da muke yi in mun shiga Kano kallon kayan tarihi da wasan kwaikwayo

Mu mutanen ƙauyukan Ringim da Taura, in mun shirya shiga birni kallo, sai mu ɗora wa tafiyar saƙon kowa. Inna ta ce a sayo mata atamfa a Kantin Kwari, maƙwabci ya miƙo waya a gyaro, kafin ka ankara la'asar ta yi, ka isa gidan tarihi na Gidan Makama ma'aikata na shirin tashi. Ka fara da kallon, saƙo ya biyo baya. Da ka sauka a tashar Yankaba da hantsi, hau adaidaita ka nufi gaban gidan Sarki, inda Gidan Makama yake. Ka kuma duba rana: Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli da safe, Juma'a kuwa unguwar cike take da masallata.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Mutum ya ɗauki hoto a bakin zaure, ya ratsa ɗakuna cikin minti goma, ya ce ya gani. Gidan nan na Muhammadu Rumfa ne tun yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Nemi ma'aikacin gidan ya zaga da kai, ka yi ta tambaya, babu ƙauyanci a ciki. Ka ɗaga kai ka dubi rufin. Duk wanda ya taɓa ɗora azara a ɗakinsa zai gane aikin da magina suka zuba, fiye da ɗan birnin da ya tashi a gidan siminti.

In lokaci ya rage, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, shi ma gidan tarihi ne. A marinar Ƙofar Mata kada ka ɗora kyamara a kan marina ba sallama. Wurin neman abincinsu ne.

Wasan daɓe kuma ba kullum ake yi ba. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero kan yi lokaci-lokaci, don haka ka sa wani ɗan garinku da ke karatu a can ya tabbatar maka da rana kafin ka kashe kuɗin mota. In wasan na yamma ne, ka sanar da ɗan'uwan da za ka kwana wurinsa tun daga gida, domin motar komawa Ringim wuya take bayan isha'i.