Yadda ake lissafin nisa da tsawon tafiyar jirgin sama tsakanin birane biyu

Duk wanda ya taɓa ganin sabon matafiyi ya sa mai tarbarsa ya wuni a filin jirgi yana jira, ya san matsalar ba ta nisa ba ce, ta agogo ce. Amma bari mu fara da nisan.

Kada ka auna nisa a taswirar bango. Duniya a dunƙule take, don haka gajeriyar hanya tsakanin birane biyu a lanƙwashe take fitowa a kan takarda. Miƙa zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga Landan zuwa New York, za ka ga ya yi arewa ta gabashin Kanada. Nisan ya kai kusan kilomita 5,570. Idan daga intanet ka samo adadin, duba ma'aunin da kyau, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil ɗin da masu jirgi ke amfani da shi kuwa kilomita 1.852.

Sai ka raba nisan da 850, wato kwatankwacin gudun babban jirgin fasinja cikin awa guda, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Landan zuwa New York zai ba ka wajen awa bakwai. Amma a can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa zuwan kan kai awa takwas, dawowar kuma ta tsaya a bakwai ko ƙasa da haka.

To, ga inda ake faɗuwa. Lokutan da ke jikin tikiti na agogon kowane gari ne. A ce an rubuta tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana. Sabon shiga zai ce awa uku. A'a. New York tana bayan Landan da awa biyar, saboda haka lokacin da tayar jirgin ta taɓa ƙasa, ƙarfe 6 na yamma ne a Landan. Awa takwas ke nan. A dawowa kuma, ka tashi ƙarfe 7 na yamma ka sauka ƙarfe 7 na safe, sai ka cire biyar daga sha biyu, saura bakwai. Ni dokata ɗaya ce: mayar da lokutan biyu zuwa agogon GMT kafin ka yi ɗebewa, kuma a rubuce, ba da ka ba. Ka kula da watan Maris, domin Amurka kan riga Birtaniya matsar da agogo gaba, sai bambancin ya koma awa huɗu na 'yan makonni. Duba kwanan watan sauka ma, sau da yawa gobe ne.

Idan akwai yada zango, lissafa kowane ɓangare daban ka haɗa da zaman jira. Tikiti mai araha yakan ɓoye zaman awa goma a kan kujera, kuma abincin filin jirgi zai cinye rarar da ka samu. Tabbatar filin da za ka sauka shi ne wanda za ka tashi, don LHR da LGW, wato filayen jirgin Heathrow da Gatwick kamar yadda ake taƙaita su a tikiti, duk Landan ne amma akwai tafiya tsakaninsu. Ƙara awa uku na isa fili da wuri, da kamar awa guda na shige da fice da ɗaukar kaya, sannan ka faɗa wa mai tarba lokacin da zai zo.