Yadda Ake Ziyartar Hasumiyar Longthorpe a Ingila

Hasumiyar Longthorpe tana yammacin birnin Peterborough, kimanin mil 2 daga tsakiyar gari, kuma jirgin ƙasa mai sauri daga tashar King's Cross ta Landan yakan kai mutum birnin cikin kusan awa guda. Kafin ka kama hanya, ka duba ranakun ziyara wajen English Heritage, hukumar da ke kula da wuraren tarihi na Ingila, domin ba kullum ake buɗe wurin ba, kuma ya fi kyau ka nemi gurbi tun da wuri.

Wani lauya mai suna Robert Thorpe ne ya ƙara wannan hasumiya ta dutse mai hawa uku a jikin gidan iyalinsu wajen shekarar 1300. Ita kaɗai ake shiga. Ginin da ke manne da ita mazaunin mutane ne, saboda haka kada ka leƙa musu.

Abin da ya cancanci wahalar tafiyar yana cikin babban ɗakin hawa na tsakiya, wato zane-zanen bango da aka yi wajen 1330. An shafe su da farar ƙasa, suka ɓuya shekaru aru-aru, har sai a 1945 da aka gano su yayin da ake shirin gyaran ɗakin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan ka shiga, kada ka yi garaje, ka ɗan dakata idanunka su saba da ƙarancin haske, domin launukan sun koɗe, mai gaggawa kuwa jan dabbare-dabbare kawai zai gani.

Shawarata ita ce ka fara da zanen da ke saman murhu, inda wani sarki yake tsaye a bayan wata ƙafar keke da halittu biyar kewaye da ita: biri yana wakiltar ɗanɗano, ungulu sansana, gizo-gizo a cikin yanarsa taɓawa, aladen daji ji, zakara kuma gani. Daga nan ka bi zanen matakai bakwai na rayuwar ɗan Adam, tun daga jariri a shimfiɗarsa har zuwa tsoho tukuf, sannan ka nemi tsuntsayen fadamar yankin, waɗanda a ganina su ne suka fi nuna gwanintar mai zanen.

Kada ka taɓa bango ko ka jingina da shi. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, domin matakalar da ke kaiwa ɗakin sama ƙunci gare ta, kuma dattijo ko mai ciwon gwiwa zai iya tsayawa a ɗakin zanen.