Yadda zaka duba ruwan famfon gidanku a Kano ka kuma gyara shi kafin a sha

Jama'a da yawanmu in ruwa ya zo fari tas a kofi shikenan an gama magana, a ɗaga a sha, alhali ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa da taifot da ciwon shawara ido baya ganinsu ko kaɗan. Ruwan da ake turo mana a birni daga matatun Tamburawa da Chalawa da Watari yake fitowa. Ta Chalawa da ke wajen Panshekara tun zamanin Turawa take, farkon shekarun 1930, ita kuma Tamburawa a hanyar Zariya tana ɗibar ruwan kogin Kano wanda dam ɗin Tiga ke sakowa. A matata ana zuba alif laka ta kwanta, a tace, sannan a sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Matsalar galibi a hanya take da kuma cikin gidajenmu, don haka daga nan zamu fara.

Abu na farko, ka fita waje ka bi bututun da ya shigo gidanku da ido tun daga inda aka jona shi da babban layi. A unguwanni da yawa musamman cikin gari zaka ga ƙananan bututan roba birjik kwance cikin kwata, wani ya tsage an ɗaure shi da robar tayar keke, wani a gaɓa yake yoyo. Lokacin da ruwa ke gudu da ƙarfi ba komai sosai don waje yake fesowa, amma da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar, kamar yaro na shan lemo da tsinke, kuma kaga abin da ke kewaye da shi ruwan kwata ne. Masu jona inji kai tsaye a jikin layi don su ja ruwa zuwa tankin sama suna ƙara wa abin muni, don injin yana jan komai da komai, nasu da na maƙwabta. In ka samu haka kira mai gyaran famfo ya ɗaga bututun sama da bakin kwata ya canza inda ya fashe, kuɗin bai kai na gado ɗaya a asibiti ba.

Sai ranar da ruwa ya dawo bayan kwana da kwanaki babu. Na san kowa rububi yake da bokiti da jarka kar a sake ɗaukewa, amma don Allah wannan ruwan farkon kar ya shiga randar sha. Ka bar shi ya zuba na 'yan mintuna har launinsa ya washe, ka tara shi a bokiti daban a yi wankin tsakar gida ko a kai banɗaki, ba asara aka yi ba.

Daga nan ɗebi a kofin gilas ka ɗaga wajen haske. In ya fito fari kamar an ɗiga madara kuma ka ajiye shi minti biyu ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai ta shiga bututu, ba matsala. In ja ne ko ruwan ƙasa, ko dai tsatsar tsofaffin bututan ƙarfe ce ko laka, da damina an fi ganin wannan. Sannan ka sansana. Wani abin mamaki mutane sun fi ƙorafi a kan warin kulorin, wai ruwa na warin magani, alhali wannan ɗan warin shi ne alamar har yanzu akwai sauran maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma so take a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a bakin famfo. Wanda zaka ji tsoro shi ne warin kwata ko na ruɓaɓɓen ƙwai ko na fetur, ruwa baya tsami banza, wannan kar ma ka ce zaka gyara ka sha, ka nemi wani ruwan ka kuma sanar da maƙwabta.

Toh yanzu gyaran kansa. In ruwan ya yi gurɓi sai an fara kwantar da lakar, ka zuba a bokiti ka ɗan juya ƙaramin gutsuren alif a ciki ka cire, ko ka daka ƙwayar zogale busasshiya ka zuba garin, ka barshi awa ɗaya zuwa biyu, sai ka tsiyaye na saman a hankali ta farin ƙyalle mai tsabta. Anan ne mutane ke yin kuskure, suna ganin alif ya sa ruwa ya yi garau sai su ɗauka ya zama na sha. Alif laka yake kwantarwa, baya kashe cuta, dole sai an bi da ɗaya daga cikin ukun nan.

Tafasawa ita ce mafi tabbas. Ba ɗumi ba, ba wai ya fara ƙananan kumfa a gindin tukunya ba, ya tafasa yana bulbula sosai na minti ɗaya cikakke, sai a rufe a barshi ya huce a cikin tukunyar. Na san gas da gawayi sun yi tsada, in ba za a iya na gida duka ba a ware na jarirai da ƙananan yara da tsofaffi da mara lafiya. In ɗanɗanon ya yi lami a juya shi tsakanin kwano biyu masu tsabta sau da yawa zai dawo.

Na biyu kulorin na gida irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs da ake samu a kemis. Ka bi ma'aunin da aka rubuta a jiki daidai da girman jarkarka, kar ka yi na ido, ka girgiza ka jira minti 30 kafin a sha, kuma ka duba ranar lalacewarsa don kulorin na ruwa yana rasa ƙarfi in ya daɗe. Cikin ruwa mai laka baya aiki sosai shi yasa nace a fara tacewa.

Na uku rana, wadda mu Allah ya hore mana kyauta. Gorar ruwa ta roba fara mai garau da bata wuce lita 2 ba, a cika a kwantar a kan rufin kwano awa 6 cikin rana, in akwai hadari sosai kwana 2. Ga ruwan da ya riga ya washe kawai take aiki.

Amma fa duk ukun nan ba su cire guba irin ta masana'antu. Wanda ke kusa da Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai inda kamfanonin jima da sauransu suke, in yana haɗawa da ruwan rijiya ko burtsatse, tafasawa bata fitar da sinadarai irin su dalma, sai dai gwaji. A ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, in kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa 'yan layi su yi karo-karo, a ce a duba E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, wanda a ƙa'ida ko ɗaya bai kamata a samu a mililita 100 ba, a kuma duba ƙarafa masu guba. Rijiya kuma ana so ta yi nesa da masai kamar mita 30, abin da a gidajen cikin gari da wuya ka samu, don haka ruwanta a ɗauke shi a matsayin wanda sai an gyara.

Ajiya ita ce inda wahalar duk ke tashi a banza. An tafasa ruwa an zuba a randa, sai yaro ya dawo daga wasa ya tsoma moɗa har da hannunsa, ya sha ya ajiye ta a ƙasa. Gara jarka mai ƙaramin baki da murfi ko bokiti mai kan famfo, in kuma randa ce dole saboda sanyi toh a samu moɗa mai dogon hannu a rataye ta, ta ɗiba daban ta sha daban. Tankin sama a leƙa shi ko sau biyu a shekara a wanke, a tabbatar murfin na rufuwa, zaka sha mamakin gansakuka da lakar da ke kwance a gindi, wani lokaci har da mataccen ƙadangare. Ruwan 'yan garuwa ka tambayi daga ina suka ɗebo ka leƙa cikin jarkar, kore ne ko fari, kuma shima a sa masa kulorin. Na leda a duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi, kar a sayi wanda ya kwana biyu a rana.

In ka ga babban bututu ya fashe a titi ko ruwan layinku gaba ɗaya ya canza wari, ku sanar da mai unguwa ku kai rahoto ofishin hukumar ruwa a rubuce da sunan layi, ku ɗauki hoto da kwalbar ruwan ku tafi da ita. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin inda ta fi tsanani. In wani a gida ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a haɗa masa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take, in babu na leda a samu lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa ana hanyar asibiti, kar a jira gari ya waye.