Yadda Za Ka Bambance Damben Turai da na Amurka Idan Kana Kallo

Duk wanda ya zauna kallon damben boksin tare da ni, abin da nake fara ce masa shi ne ya rage sauti, ya ɗauke ido daga hannuwa, ya zuba wa ƙafafu. Ihun masu sharhi yana ɓatar da mutum.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo wasanni biyu da aka yi da mutum guda, wato Canelo ɗan Meziko. Fara da karawarsa da Dmitry Bivol na Rasha a Las Vegas, cikin watan Mayun 2022. Dubi Bivol a tsaye ƙyam, hannuwa a sama dab da kunci, yana ɗan tsalle gaba da baya kamar lilo. Taku ɗaya zai shigo, ya zuba miƙaƙƙun naushi uku ko huɗu, kafin Canelo ya ɗaga hannu ya riga ya fice. Tarbiyyar tsohuwar Tarayyar Sobiyat ke nan, inda ake renon yaro a kan tara maki da kiyaye tazara. Oleksandr Usyk na Yukiren, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, daga wannan tsatson ya fito.

Sai ka koma wasan Floyd Mayweather na Amurka da Canelo na Satumban 2013. A nan ɗaga idonka zuwa kafaɗa da ƙugu, ka kuma rage gudun bidiyon, don in ba haka ba abin zai wuce ka. Mayweather ya karkace, kafaɗar hagu ta rufe haɓa, hannun hagu kwance a kan ciki, na dama a kunci. Naushi na zuwa sai ya murɗa kafaɗa, ya zame a kanta, nan take ya mayar da dama. Sau da yawa ko gusawa ba ya yi. Wallahi na maimaita wasu wuraren ya fi a ƙirga, har yau ina mamakin nutsuwarsa. Ba'amurke yana son ka kawo hari don ya hukunta ka, shi kuwa na Turai tun daga nesa yake hana ka sakat.

Kada dai ka ɗauka katanga ce tsakaninsu. Wladimir Klitschko na Yukiren, wanda ya riƙe kambun ajin masu nauyi daga 2006 zuwa 2015, Emanuel Steward na birnin Detroit a Amurka ne ya gyara masa dambe, shi ne kuma ya horar da Lennox Lewis na Ingila.

Bayan ka gama nazari, mayar da sautin, ka kunna wasan Anthony Joshua na Ingila da Klitschko a filin Wembley na Landan a 2017. Mutum 90,000 ne suka taru, 'yan damben biyu kowannensu ya sha ƙasa ya tashi, Joshua ya ƙarasa aikin a turmi na 11. Wannan kam da ƙarar sauti nake kallonsa.