Babi na Shida: Launin Fenti da Zafin Rana a Jikin Akwatin Na'ura

Wannan babi na masu akwatin ƙarfe ne da ke kafe a waje, wanda ake ajiye batir ko inbata ko makunnin injin ruwa a cikinsa. Ku karanta a hankali, kuma duk inda kuka tsaya ku tambayi malami, domin wanda ya yi tambaya a aji ba ya ɓarnar fenti a wajen aiki.

Darasi na ɗaya: Abin da launi yake yi

Da tsakar rana, idan babu gajimare, ƙarfin hasken da ke sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yakan kai kimanin wat 1,000. Akwatin da ke cikin rana yana mayar da wani kaso na wannan haske, ya shanye sauran, kuma duk abin da ya shanye zafi yake zama. Baƙin fenti yana shanye fiye da kashi 90 cikin 100, sabon farin fenti kuwa yana mayar da kimanin kashi 70 zuwa 80. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu da ruwan ƙasa sun fi kusa da baƙi, ruwan toka kuma yana tsakani.

Ku gwada da kanku. Ku samo gwangwani biyu iri ɗaya, ku shafa wa ɗaya baƙi, ɗaya fari, ku bari su bushe, sannan ku ajiye su a rana na tsawon awa ɗaya. Ku taɓa kowanne da bayan hannu. Abin da hannunku ya ji, shi ne abin da batir yake ji a cikin akwati. Batir mai ruwan asid ya fi daɗewa a zafin digiri 25, kuma duk lokacin da zafin da yake zaune a ciki ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan haka, kwanansa yakan ragu da kusan rabi. Wasu batiran da ake zargin jabu ne, zafi ne ya dafa su.

Darasi na biyu: Ƙyalli ba fari ba ne

Ɗalibai da yawa suna zaɓar fenti ruwan azurfa, ko su bar ƙarfe mai ƙyalli tsirara, suna ganin abin da ke walƙiya ba zai yi zafi ba. Gaskiya ne ƙarfe mai ƙyalli yana mayar da haske, amma ɗan abin da ya shanye ba ya sakinsa da sauri, sai ya riƙe shi. Fenti, kowane launi ne in ban da ruwan azurfa, yana sakin zafi sosai. Saboda haka farin fenti ya haɗa alheri biyu: yana mayar da haske, kuma yana sakin zafin da ya shiga. Idan an ba ku zaɓi tsakanin fari da ruwan azurfa, ku ɗauki fari. Kuma a jikin akwati ta waje ake shafawa, inda rana take bugawa, musamman murfin sama. Fentin da aka shafa a ciki ba ya tare rana.

Darasi na uku: Gogewa, wankewa, bushewa

Kafin ku taɓa komai, ku kashe wuta daga babban makunni, ku sa wanda ya san aikin lantarki ya cire batir. Kada a kunna ashana ko sigari kusa da batir ko tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, domin dukansu suna fitar da iskar da ke kama wuta.

Yanzu mun zo inda aka fi faɗuwa. Fenti ba ya kama ƙura, ba ya kama maiƙo, ba ya kama tsatsa, kuma ba ya kama danshi. Ku sake karanta wannan jimla da babbar murya. Idan kun shafa farin fenti a kan datti, zai yi kyau a makon farko, daga baya ya kumbura, ya ɓare, tsohon baƙin launi ya sake fitowa, zafi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Da farko ku goge akwatin da sanfefa har tsatsa ta tafi, tsohon fenti ya daina sheƙi. Wasu tsoffin fenti suna ɗauke da gubar dalma, don haka ku jiƙa sanfefar da ruwa don kada ƙura ta tashi, ku rufe hanci da baki, ku kori yara daga wurin. Bayan gogewa ku wanke da ruwa da sabulu, ku ɗauraye da ruwa mai tsabta, ba tare da ruwan ya shiga ciki ba. Bayan wankewa ku bar akwatin ya bushe. Bushewa ba ta nufin an share ruwa da tsumma. Ruwa yana maƙalewa a kusurwoyi da ƙarƙashin kusoshi da wajen walda, kuma nan ne fenti yake fara ɓarewa. Ku shafa farin ƙyalle a jikin akwatin: idan ya fito da baƙi, ku sake wankewa, idan ya fito da laima, ku ƙara jira.

Kada ku karaya idan wannan mataki ya ci muku yini guda. Haka ya kamata, kuma kowa yana iyawa. Amma dole in faɗa muku gaskiya: a kowane aji sai an sami wanda ya ji wannan bayani, ya gyaɗa kai, ya je ya buɗe gwangwanin fenti tun akwati yana ɗigar ruwa, sannan ya dawo yana cewa fentin ne mara kyau. Wannan gaggawa ce, kuma gaggawa ba ta dace da babban mutum ba. Wanda ba zai iya haƙurin gogewa da wankewa da bushewa ba, gara ya bar akwatin yadda yake, ya adana kuɗinsa. Ku rubuta kalmomin uku a littafinku, a jere: gogewa, wankewa, bushewa. Wanda bai rubuta ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba.

Darasi na huɗu: Shafawa

Ku fara da fentin shafin farko mai hana tsatsa, ku bari ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. Sannan ku shafa fari sau biyu, kowanne siriri, domin shafa ɗaya mai kauri takan zuba ta tsage. Ku yi aikin da safe ko a inuwa, ba a kan ƙarfe mai zafi ba. Kada ku toshe ramukan shan iska, kuma kada ku rufe rubutun gargaɗi ko lambar na'ura. Idan akwatin na kamfanin lantarki ne, ku nemi izini tukuna. Kuma kafin buroshi ya taɓa ƙarfe, ku sake shafa farin ƙyallen nan.

Darasi na biyar: Kulawa

Ƙura tana dusashe fari, ta rage amfaninsa, don haka ku riƙa share saman akwatin da jiƙaƙƙen tsumma. Idan da hali, ku kafa ɗan rufi a samansa, ku bar tazarar yatsu huɗu don iska ta wuce ta tsakani.

Aikin gida: ku duba akwatinku, ku rubuta launinsa da wuraren da ya yi tsatsa, ku kawo gobe.