Kurakuran da aka fi yi wajen buga alamomin adon kiɗan Turai na dā da manhaja

Mai shirya kiɗan ƙarni na 17 da na 18 a kwamfuta yakan fi tuntuɓe a wuri guda, wato dogara da sunan da manhaja ta ba alama maimakon ya dubi siffarta a takardar asali. Akwai ƙananan alamomi biyu masu kama da haƙoran zarto da ake sawa a kan nota (alamar sauti guda a rubutun kiɗa) don yi mata ado, ɗaya da gajeren layi a tsaye ya ratsa ta, ɗaya kuma babu. A jadawalin da Johann Sebastian Bach ya rubuta wa ɗansa Wilhelm Friedemann a 1720, wadda ba ta da layi ita ce Trillo, wato kaɗawar sauti tsakanin nota da ta samanta, ana fara ta daga notar sama, mai layin kuwa ita ce Mordant, tana sauka zuwa notar ƙasa ta dawo. Tsarin MusicXML na adana rubutun kiɗa a kwamfuta yana kiran marar layin inverted-mordent, sunan da ya fito daga al'adar baya-bayan nan, shi ya sa ake yawan musanya su. A manhajar buga kiɗa ta LilyPond, \prall ce marar layi, \mordent ce mai layi, kuma wajibi ne a gwada abin da ya fito da hoton asali, nota bayan nota.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓarna, domin ba a cika gane shi ba. Mutum yakan ɗauka cewa alama ɗaya ma'anarta ɗaya ce a ko'ina, sai ya daidaita su duka bisa jadawalin Bach. Ba haka abin yake ba. D'Anglebert na Faransa, a littafinsa na 1689, yana rubuta pincé, wato Mordant, da ɗan lanƙwasa mai kama da waƙafi a bayan nota, Couperin kuwa, shi ma Bafaranshe, a 1713 ya sa wata alama a samanta. A Ingila, layuka biyu a karkace a kan nota su ne kaɗawar sauti a kiɗan Purcell, yayin da Faransawa da yawa ke wadatuwa da ɗan kuros. A ganina, goge waɗannan don a sa harufan tr na zamani masu nuna kaɗawar sauti asara ce, domin makaɗi yana karanta ƙasar da kiɗa ya fito da zamaninsa daga siffar alamar. Maganin shi ne a nemi alamar a zubin haruffa na Bravura ko wani mai bin ƙa'idar SMuFL ta tsara alamomin kiɗa a zubin haruffa, wadda aka fara a 2013, inda aka ware wa adon zamanin Barok, wato zamanin su Bach, sashe. Idan edita ya ƙara alamar da ba ta cikin asali, to ya sa ta cikin baka.

Haka nan a yi hattara da ƙaramar nota mai gabatar da babba. A ƙarni na 18 wasu marubuta kan ratsa wutsiyarta da layi don kawai nuna tsawonta, sai daga baya ratsin ya koma nufin a buga ta cikin ƙiftawar ido, saboda haka a LilyPond kada a zaɓi \acciaccatura mai ratsi inda \appoggiatura marar ratsi ta dace.

Sautin da manhaja ke maimaitawa kuma ba hujja ba ne, domin sau da yawa daga babbar nota take fara kaɗawa. Alamar ɗaga sauti ko sassauta shi (♯ ko ♭) ana sa ta sama da ado idan notar sama ta shafa, a sa ta ƙasa idan ta ƙasa ce.